Kwana a tanti cikin gandun daji: shawarwarin da aka ba ni

Jiya a fadarmu ta Yamai, ana zuba shayi na biyu, na ce ina son in kai iyali su kwana a ƙaramin sansanin tantuna cikin daji. Wani dattijo da ya yi aikin rakiya a gandun W, gandun dajin da ke kudu maso yammacin Nijar, ya ce in dakata da can sai tsaro ya daidaita. Zancen ya taɓa ni, don W namu ne, tun 1996 yake cikin kayan gadon duniya na UNESCO.

Sai hira ta koma kan gandun Masai Mara na Kenya, inda garken dabbobi ke shigowa daga gandun Serengeti na Tanzaniya tsakanin Yuli da Oktoba. Can tudu ne, asuba sanyi kamar na hunturu, a tafi da rigar sanyi.

Inda dattijon ya fi nanatawa: da dare kada ka fita sai da mai gadi, ko da bayan gida ne. Ka ja zik ɗin tanti har ƙasa. Ko ƙwayar dabino kada ka bari a fili, birai na shiga su yi ta'adi. Dorina kuwa da dare take fitowa kiwo, kada ka shiga tsakaninta da ruwa.

Baƙaƙen kaya da shuɗi suna jawo ƙudan tsando. Maganin zazzaɓin cizon sauro da tocila, a saka su tun daga gida.