Zaman nutsuwa na yoga da murya mai jagora: yaya ake yinsa?

Hadiza K:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana yaba wannan zaman da mutum yake sauraron murya tana jagorantarsa, wai yana rage damuwa. Minti nawa ake yi, kuma me ya sa wasu jiri ke kama su, wasu kuma barci ya kwashe su?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yaɗu shi ne yoga nidra, wanda Swami Satyananda Saraswati ya tsara a makarantarsa ta Munger, jihar Bihar a Indiya. Ki kwanta rigingine, ƙafafu a ɗan ware, tafin hannu na kallon sama. In baya na ciwo, a sa matashi ƙarƙashin gwiwa. Muryar za ta riƙa kiran gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, tun daga babban yatsan hannun dama, ke kuma ki kai hankalinki wurin ba tare da kin motsa shi ba. Daga nan a ƙirga numfashi da baya, daga 27 zuwa 1. In lissafi ya ɓace, a koma farko, ba laifi. Mai farawa minti 10 ya ishe shi, daga baya ya kai 20 ko 30. Gara kaɗan kullum da awa guda sau ɗaya a mako.

Baba Audu:
Maganar jiri, 'yata, gaggawar numfashi ce. Mutum ya ji an ce ya ja numfashi sosai, sai ya dinga zuƙa da ƙarfi, iskar kabon da ke jini ta ragu, jijiyoyin jinin kai su ɗan tsuke, a ji kamar ana tsikarin yatsu. Ki shaƙa ta hanci daƙiƙa 4, ki saki a hankali daƙiƙa 6, wato sau 6 a minti. Ciki ne zai tashi, kafaɗa na nan yadda take. Doguwar fitar iska ita ke rage bugun zuciya ta hanyar jijiyar bagas, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki. Numfashin yoga mai sauri da ake kira kapalabhati kuwa, mai ciki da mai hawan jini su bar shi.

Aunty Rabi:
Barcin ma ba wani abu ba ne in don shi ake yi. In ba haka ba, kar a yi a kan gado ko da cikakken ciki. A zauna a kujera, ko a ɗaga hannu ɗaya kan gwiwar hannu, da zarar gyangyaɗi ya zo zai faɗi ya farkar da ke. A saurari rikodin tukuna, don wasu na ɗauke da kalmomin ibadar Hindu, wasu numfashi da jiki kawai. Wanda ya taɓa shiga tashin hankali mai tsanani, rufe ido na iya tado masa da abin. Ya buɗe ido, ya tsaya. Mai shan maganin damuwa kuma kar ya ajiye shi sai da izinin likita.