Ɓarnar dabbobi a gona: mai gari ne ke da maganar ko alƙali?

Ɗan Adar: Assalamu alaikum. Kaka ta ƙarato a jihar Tawa ta Nijar, dabbobi sun fara gangarowa daga Abalak, ga hatsi bai gama shiga rumbu ba. Idan shanu suka faɗa gonar mutum, ina ake fara kai kuka? Wasu sun ce sai jandarma, wasu sun ce ba a tsallake mai gari. Kuma in an yi sulhu a ƙofar sarki, wanda aka ɗora wa biya ya ƙi, me ke tilasta shi?

Malamin gona: Wa alaikumus salam. Ba a tsallake mai gari. Dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010 ta ce rigimar manomi da makiyayi sai ta fara bi ta sulhu kafin kotu. Mai gona ya kira shaidu biyu ko uku su ga ɓarna tun sawun dabba bai goge ba, ya ɗauki hoto, sannan ya faɗa wa mai gari a ranar da abin ya faru. Kada ya daki dabba, kada ya ɗaure ta cikin gidansa kwana da kwanaki, don nan mai gaskiya ke komawa mai laifi.

Sai a fita ƙiyasi da wakilin manoma, da wakilin makiyaya, da ma'aikacin gona in akwai. A auna wurin da aka ci kawai, ban da sauran gonar. A misali, gonar da ke ba da dami 40, aka ci kashi ɗaya cikin huɗu, dami 10 ke nan. A duba tiya nawa damin wurin ke bayarwa, a buga da kuɗin tiya a kasuwa mafi kusa. Inda ake ɓatawa shi ne a yanka kuɗi da baki, jika kaza kan kowace saniya, ba wanda ya taka gonar. Makiyayi zai biya don ya samu ya wuce, amma ya tafi da abin a ransa, baɗi kuma ba zai tsaya a yi magana ba.

Magatakarda: Ɗan'uwa, tambayarka ta biyu ita ce wadda mutane ke sakaci da ita. Dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba sarki ikon sasanta mutane. Yanke hukunci da kulle mutum aikin kotu ne. Abin da ke ba sulhunsa ƙarfi takarda ce: a rubuta abin da aka shirya, nawa za a biya, wace rana, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a shigar a kundin sarki, a aika kwafi ga hukuma da kotu. Da wannan takarda mai haƙƙi zai iya zuwa wurin alƙali ya buga mata hatimin zartarwa. In mai gari ya kasa, a hau zuwa sarkin kanto ko na rukunin makiyaya. In can ma an kasa, a nemi takardar rashin sulhu, ita ake riƙewa a tafi kotu, inda alƙali ke zama da masana al'ada kan irin wannan shari'a. Sulhun baki da fatiha kawai, ranar da shaida ya mutu ko ya tafi cin rani, magana ta koma ɗanya.

Amma da zarar an fitar da jini, ko an ƙona ruga ko rumbu, wannan ya wuce ƙofar sarki. Na jandarma ne da mai gabatar da ƙara.

Baba Garso: Malam, ku ƙara da abu biyu don a yi adalci. Wanda ya noma burtali ko bakin mashaya, ya tare hanyar da kwamitin kula da filaye ya shata, ba shi da bakin neman diyya kamar mai gonar gado. Haka nan arewa da iyakar noma da dokar 1961 ta ja, ƙasar kiwo ce. Sannan akwai ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa kowace shekara. Kafin ranar, makiyayi ya tsare dabbarsa. Bayanta, wanda ya bar damma a fili ya san ya yi ganganci.

Inna ta Kwanni: Ƴaƴana, yawancin ɓarna ba ta ma kai takarda, kunya ce ke kashe ta. Makiyayin da ke kwana da shanunsa a gonarka da rani, ya bar maka taki, ka ba shi hatsi, matarsa na kawo nono gidanka, ba ya son a kira sunansa a bakin masallaci. Liman ya yi magana, taubashi ya zolaye shi gaban mutane, ya kawo abin da ya sawwaƙa. Amma wannan na aiki ne tsakanin waɗanda za su sake haɗuwa. Baƙon da ya ratso da dare ba ya jin kunyar kowa a garin. Kuma ina roƙon dattawa, ku daina matsa wa gwauruwa mai ƴar gamana ɗaya da "yi haƙuri" alhali abincin shekararta ne aka cinye. Ita ma a fita a auna mata, a rubuta.