Neman shawara kan sauya tayoyin Honda Shadow Aero 750

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum. Ina da babur Honda Shadow Aero 750 wanda nake hawa tsakanin Zariya da Kaduna, kuma tayar baya ta suɗe a tsakiya, ko da yake gefunanta suna da sauran zane. Lambar da ke jikinta 160/80-15 ce, ta gaba kuwa 120/90-17. Wani mai sayar da tayoyin hannu ya kawo mini 170/80-15 wadda zanenta bai ci ba sosai, ya ce faɗinta zai ƙara wa babur kyau da riƙon kwalta, kuma kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba. Shin in karɓa?

Bakanike: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka dubi zane, ka dubi shekarun tayar. A gefenta akwai rubutu da ya fara da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Idan ka ga 2319, to an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ko da ba a hau ta ba, balle wadda ta sha ajiya a kwantena sannan ta zo ta sha zafin Maris da Afrilu a bakin shago, kuma busasshiyar taya ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta ko da zanenta yana nan daram. Kamfanin Michelin da kansa yana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta cika 5, a cire ta idan ta kai 10. Game da faɗi kuwa, 160 milimita ne, 80 kuma yana nufin tsayin gefen kashi 80 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 128. Idan ka koma 170, tsayin ya zama 136, rim ɗin zai matse tayar ya sauya mata siffa, kuma za ka ji bambancin a kwana. Ka tsaya kan lambar da kamfani ya rubuta.

Mahayin Dawanau: Na yarda da maganar Bakanike, sai dai ina so in ƙara abu guda da ake yawan mantawa. Rim ɗin Aero mai sifok ne, saboda haka dole a sa tiyub ko da an rubuta tubles a jikin tayar, kuma ya kamata tiyub ɗin ya zama sabo, tare da robar da ke rufe kawunan sifok. Na taɓa yin rowar kuɗin tiyub, na kwana a gefen hanya. Ka kuma tsaya a kan mai faci lokacin ɗaurawa, domin akwai kibiya a gefen tayar da ke nuna inda za ta juya.

Bakanike: Haka ne. Idan za ka nemi sabuwa, Dunlop D404 da Shinko 777 sun fi sauƙin kuɗi, Metzeler ME888 kuma ta fi jure doguwar tafiya. Kada lambar nauyinta ta gaza 74, wato kilo 375, musamman idan kana ɗaukar goyo.

Ɗan Zazzau: Na gode ƙwarai. Na koma na duba waccan tayar, an rubuta 4114 a jikinta, don haka na mayar masa da abarsa.