Bitar masu horarwa kan safarar mutane: me ya amfane ku da kuka koma bakin aiki?

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Kano:
Assalamu alaikum. An ɗora mini shirya bita ga mutanen da za su koma ƙananan hukumomi su horar da ma'aikatanmu kan yaƙi da safarar mutane. Don Allah waɗanda suka taɓa zama irin wannan bita, ko suka koyar, ku faɗa mini abin da ya yi muku rana a filin aiki.

Tsohon jami'in kan iyaka, Katsina:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki bar kowa ya tashi sai ya iya bambance safara da fasa-ƙwaurin baƙin haure da bakinsa. Mai fasa-ƙwauri kuɗi aka biya shi ya tsallakar da mutum, in an isa a rabu. Safara kuwa, a yarjejeniyar Palermo ta 2000 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, abu uku ne ke haɗuwa: an ɗauki mutum ko an kai shi ko an ɓoye shi, ta hanyar yaudara ko tilas ko barazana, da nufin a ci da guminsa. In yaro ne ƙasa da shekara 18, ba a ma neman yaudarar.

Abin da ya fi zauna mini shi ne dabarar da malaminmu ya nuna: a raba su kafin a tambaya. Mun tare wata mota a hanyar Jibiya, mace ɗaya da 'yan mata, wai biki za su Maraɗi. Da aka keɓe kowacce aka tambaye ta sunan amarya, kowa da nata sunan. Takardunsu duka suna cikin jakar matar.

Ma'aikacin ƙungiyar agaji, Damagaram:
Nan wajenmu wannan bambancin ya zama dole. A watan Nuwamban 2023 gwamnatin Nijar ta soke dokar 2015 ta hana fasa-ƙwaurin baƙin haure, sai na riƙa jin wasu da muka horar suna cewa ai yanzu komai ya halatta. Ba haka ba ne, dokar hana safarar mutane ta 2010 daban take. Mai horarwa in bai riƙe wannan da kyau ba, zai kai ruɗun nan har ƙauye. Ni kullum da labarin Oktoban 2013 nake buɗe aji: mutum 92, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a hamada bayan Arlit kan hanyar Aljeriya. Da yawansu daga yankin Kance suka fito, don haka a ajinmu ba labarin nesa ba ne.

Malama mai horarwa, Sakkwato:
Yaya, ni koke ne da ni. An taɓa horar da mu a wani otal, da Turanci zalla, majigi tun safe har la'asar, aka ba mu takardar shaida. Da muka koma, an matse abin duka a yini guda, waɗanda muka koya wa kuma suka matse shi cikin awa biyu. Abin da ya isa hannun ma'aikacin tasha sai sunayen dokoki.

Shi ya sa yanzu nake sa kowane mai horarwa ya tashi ya koyar da Hausa a gabanmu, mu gyara masa. Sannan wasan kwaikwayo: ɗaya ya zama jami'i, ɗaya yarinyar da aka dawo da ita daga Libiya ko aikatau a Saudiyya. Wallahi kusan kowa da "Me ya kai ki?" yake farawa. Na ga yarinyar gaske da aka yi wa wannan tambaya, ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska, ba ta sake cewa uffan ba ranar. A ba ta ruwa tukuna, mace ta zauna da ita, a kawar da wanda ya rako ta daga ɗakin ko da ta ce kawunta ne. Wannan ba ya shiga kai ta karatu, sai an yi an maimaita.

Ɗan yuniyon na tashar mota, Zariya:
Ranki ya daɗe, ku sa mu a ciki. 'Yan kamasho sun san dillaliyar da ke zuwa da yara duk bayan girbi. Ba mu san wa za mu kira ba sai da aka ba mu lambar NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, 627.

Malamar makaranta, Bauci:
Akwai maganar da ake kaucewa a bita, ni dai zan faɗe ta. Dokar Najeriya ta 2015 da NAPTIP ke aiki da ita ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. A zaman da na halarta, da aka karanta wannan sashe ɗakin ya yi tsit, don da yawanmu akwai 'yar aiki ƙarama a gida, albashinta kuma hannun dillaliya yake zuwa. Wanda bai daidaita wannan da zuciyarsa ba zai tsallake shafin in ya je koyarwa. Hajiya, ki ware masa lokaci na musamman, ki gayyato mai unguwa da limami su zauna.

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Kano:
Allah ya saka da alheri. Malamar Sakkwato, ki turo mini yadda kike tsara wasan kwaikwayon nan, da tambayoyin da kike ba jami'i ya fara da su. Zancen 'yan aiki zan sa shi ranar farko da safe.