Baffa ya bar jam'i da fada saboda fitsari, ina mafita?

Ɗan Zango: Assalamu alaikum. Baffanmu shekararsa 68, yana tashi fitsari sau 4 ko 5 a dare, ba ya fita da ƙarfi, in ya gama kuma sai ɗigo ya biyo a wando. Lokotoro ya ce prostate (wata ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, kewaye da bututun fitsari) ce ta girma. Yanzu ya rage shan ruwa, ya bar jam'i, ya bar fada. Mu kam muna ganin zaman ɗakin ya fi ciwon cin shi. Me za mu yi?

Majo: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baffa lafiya. Ku fara da ruwan nan, don dabarar tasa ce ke ƙara masa wahala. A zafin Damagaram in mutum ya ƙi ruwa, fitsari yana yin kauri ya yi ja, ya riƙa ɗosar mafitsara, sai matsuwar ta ƙaru, ga tsakuwa da ƙwayoyin cuta na jira. Ya sha lita 1,5 zuwa 2, mafi yawa daga safe zuwa la'asar, ya tsaya awa 2 kafin kwanciya. Shayi, Nescafé da goro duk suna tsokanar mafitsara, bayan azahar ya haƙura da su.

In ya gama fitsari ya jira kamar minti ɗaya ya sake gwadawa. Ɗigon kuwa ragowa ce da ke maƙalewa a bututu: ya sa yatsu bayan maraina ya matso gaba sau 2 ko 3 kafin tsarki.

Ku yi hattara da maganin mura na ƴan tebur da tramol, suna iya ɗaure fitsarin gaba ɗaya. In ya tsaya cak, ko aka ga jini, ko zazzaɓi, babu jiran gobe, sai babban asibitin ƙasa a duba shi, in fitsarin ne ya tsaya a sa masa roba.

Malamin zaure: Batun jam'i kuma, a shaida wa Baffa addini bai ƙuntata masa ba. A mazhabar Malikiyya, wanda ɗigo ke lazimtarsa rabin lokaci ko fiye, alwalarsa ba ta warwarewa da shi, sabuntawa mustahabbi ce. Abin da ke taɓa tufa kullum, ko sau ɗaya ne a yini, an yi afuwa a kai. Ya sa ƙyalle mai tsabta, ya fita salla. Kunya ce ke zaunar da dattawa da yawa, ba hukunci ba.

Mai farmasi: Ƙari kan bayanin Majo: ku rubuta na kwana 3, ƙarfe nawa ya yi fitsari, yawansa nawa (a gwada da gorar ruwa da aka yanke). In na dare yana da yawa sosai, a auna sukari, a duba ko ƙafa na kumbura. Ba komai ne laifin prostate ba. Mai shan furosemide (maganin da ke sa fitsari don rage ruwan jiki) kada ya sha shi da dare.

In an rubuta masa tamsulosin 0,4 mg, sauƙi yana zuwa cikin kwanaki, amma yana sa jiri, ya zauna bakin gado tukuna kafin ya miƙe. Finasteride 5 mg sai kusan wata 6, nan ne mutane ke yarwa su ce ba ya aiki. Yana kuma rage sakamakon PSA (gwajin jini na prostate) da kusan rabi, ku gaya wa mai gwajin yana sha.