Ina son barin kamfanin layina amma ba na son rasa lambata, yaya ake yi?

Ɗan Dawanau:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, ku yi haƙuri bayanin zai ɗan yi tsawo.

Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, riɗi da zoɓo nake saye ina tarawa, wani lokaci wake. Layin da nake riƙe da shi tun 2008 yake hannuna. Duk wanda ya san ni da wannan lambar ya san ni: dillalan Maigatari, direbobin da ke ɗauko mana kaya daga Gumel, masu saye daga Legas. Ita ce ma rubuce da fenti a jikin ƙofar sitona. Alat ɗin banki ta nan yake shigowa, WhatsApp ɗina ma a kanta yake.

Bara bayan damina na tare a sabon gida can bayan gari, wajen Janguza. Tun daga ranar nake fama. A ɗaki babu sabis ko ɗigo. A tsakar gida sanda ɗaya ce, tana zuwa tana ɗaukewa. Wuri ɗaya tak ke kamawa sosai, gefen tankin ruwa, shi ma sai na taka bulo biyu. Har yara sun sa wa wurin suna ofishin Baba. Ni ma dariya nake yi, sai makon jiya da wani mai saye ya neme ni da daddare kan tirelar riɗi guda. Sau shida ya kira ana ce masa wayata a kashe take, alhali tana gefen filona. Da gari ya waye na tarar ya ba maƙwabcina na kasuwa cinikin. Abin da ya fi ci mini rai, uwargida tana kan wani kamfani daban, a kan gadon nan take kallon bidiyo ba ya ko tsayawa.

Wani yaro a kasuwa ya ce mini ana iya komawa wani kamfani da lambar mutum yadda take. Da gaske ne? Nawa ake biya? Alat ɗin banki zai ci gaba da zuwa? Kuma ina da kati kusan na dubu tara a ciki da datar da na saya ta wata guda, za su biyo ni?

Mai Gyaran Waya:

Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron nan gaskiya ya faɗa maka. Fotin ake ce masa, hukumar sadarwa ta NCC ce ta fito da shi tun watan Afrilun 2013, kuma kyauta ne. Ni a kasuwar waya ta Farm Centre nake, kusan kullum sai an yi mini wannan tambayar.

Ba tsohon kamfaninka za ka je ba, ba ruwanka da yi musu sallama. Ofishin wanda kake son komawa za ka nufa, kai da kanka, da wayar da layin a ciki, da lambar NIN ɗinka. Za su cike maka fom, su ɗauki hotonka, ka dangwala yatsa, su ba ka sabon sim. A nan gabansu za ka rubuta PORT ka tura zuwa 3232 da tsohon layin. Saƙo zai shigo yana tabbatar maka an karɓa. Bayan nan za ka ga sabis ɗin tsohon sim ya ɗauke gaba ɗaya, sai ka cire shi ka sa sabon. A ƙa'ida ba ya wuce awa 48, amma na sha ganin wanda kafin ya kai gida an gama.

Kati da data kuwa ba sa bin ka, Alhaji. Ko naira ɗaya. Garaɓasa ma haka. Don haka ka cinye dubu taranka tukuna, ko ka tura wa wani da ke kan kamfanin. Idan kuma akwai bashin kati a kanka, ka biya kafin ka je.

Banki bai san kamfani ba, lamba ya sani. Alat zai ci gaba da shigowa, lambobin tura kuɗi na banki su ma za su yi aiki, sai dai wani lokaci a kwana ɗaya ko biyun farko saƙo yakan yi jinkiri. WhatsApp ba abin da zai same shi. Inda mutane ke kuka shi ne lambobin da suka ajiye a kan sim maimakon kan waya. Masu ƙaramar waya sun fi faɗawa wannan. Ka sa a kwashe maka su zuwa kan waya kafin tsohon ya mutu.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa mutane: farkon lambarka zai ci gaba da nuna tsohon kamfani. Mun saba da cewa 0803 MTN ne, 0802 Airtel, 0805 Glo, to bayan fotin wannan lissafin ya rushe. Duk wanda zai turo maka kati ta banki ko wajen mai POS, sai ka gaya masa sabon kamfanin, in ba haka ba zai zaɓi tsohon, katin ya ƙi shiga. Kai ma in za ka saya ta manhajar banki ka riƙa dubawa, don wasu manhajojin da farkon lamba suke zaɓa maka.

Malamar Firamare:

Alhaji, duk abin da mai gyara ya faɗa haka yake, amma don Allah kada ka yi gaggawa irin tawa.

Ni ma haushi ne ya kai ni. A gidanmu na cikin gari layina ba ya kamawa, na ga na ƙanwata yana yi, ban tsaya wani tunani ba na je na yi fotin. Sati uku ina jin daɗi. Sai aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata makaranta a ƙauye, ashe a garin ƙarfen sabis ɗaya ne, kuma na kamfanin da na baro ne. Na koma ofis in ce a mayar da ni, aka ce akwai wa'adin da dole in cika kafin in sake tashi. Kwana 90 aka sa lokacin da aka fara tsarin. Haka na yi zangon karatu guda ina aron wayar hedimasta ina kiran gida.

Kai matsalarka a gida take, amma cinikinka a kasuwa yake da kuma kan hanya. Ka ari wayar uwargidan taka na sati ɗaya, ko ka sayi sabon layi na kamfanin nata. Ka shiga da shi cikin sito ka rufe ƙofa ka ga ko yana kamawa. Ka tafi da shi Maigatari ranar Alhamis, lokacin da kasuwa ta cika kowa yana waya, don a irin wannan cunkoson ne ake gane sabis na gaskiya. Kada ka gyara ɗakin kwana ka ɓata sito.

Sannan duk abin da za ka yi, kada ka jefar da tsohuwar lambar a durowa ka ce ka huta. Layin da ya yi wata shida ba kira, ba kati, ba data, suna iya rufe shi, daga baya su sayar wa wani. Wata abokiyar aikina haka ta yi da nata, ta manta shi ne a banki. Sai da wani bawan Allah ya kira ƙanenta, da ya ga lambarsa a wani saƙo, ya ce alat ɗin albashin wata mata yana shigo masa duk wata. Allah ya sa mutumin kirki ne.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum. Ni dai ban ga abin wahala a nan ba. Mu da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya kowa da waya mai sim biyu yake yawo, wani ma waya biyu. Ɗaya na Nijar, Airtel ko Moov ko Zamani, ɗaya na Najeriya. Kana wuce Ɗan Issa ka san wanda za ka buɗe. A bakin iyaka ma sai ka lura, don waya takan kama rezon ƙetare da kanta ta cinye maka kuɗi kana zaune. Tunda kana zuwa Maigatari, ka san wannan.

Alhaji, sayi sim na kamfanin matarka ka sa a rami na biyu, ka ba manyan abokan cinikinka lambar, shi ke nan. Me ya kai ka taɓa layin da ya shekara goma sha yana kawo maka abinci?

Ɗan Dawanau:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, maganarki ta shige ni, gobe zan karɓi wayar uwargida in tafi da ita kasuwa, in ta yarda ta rabu da ita ke nan.

Ɗan'uwana na Maraɗi, na gwada hakan. Na ba mutane lamba ta biyu, amma mutum in ya saba da lamba ya saba. Mai sayen da na rasa yana da lambobin biyu, tsohuwar ya yi ta kira. Kuma ba manyan ba ne damuwata, baƙon da aka ba lambata a Gumel ko wanda ya karanta a ƙofar sito, shi ta ina zai san ta biyun?

Amma mai gyara, ka ce in je da kaina da NIN ɗina, sai gabana ya faɗi. Layin nan Yayana ne ya saya mini lokacin ina yaron shagonsa. Da aka zo rajista shi ya yi da sunansa. Da aka ce a haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, ni ban ma karɓi nawa ba tukuna, sai ya haɗa da nasa don kada a rufe. Har yau haka yake. Yaya kuma yanzu yana Legas, a Mile 12 yake, sai Sallah yake zuwa gida. Akwai dabara?

Mai Gyaran Waya:

Alhaji, ai da ka fara da wannan. A wajen kamfani layin nan ba naka ba ne, na Yaya ne. In ka je da NIN ɗinka za su ga suna bai zo ɗaya ba, yatsa bai zo ɗaya ba, nan take za a ƙi. Kuma ko mutum ya ce maka zai yi maka ta bayan fage a ba shi wani abu, kada ka yarda. Layin da asusun bankinka ke kai ba abin miƙa wa ɗan bakin titi ba ne.

Hanya ita ce ku je ofishin kamfanin da kake kai yanzu, kai da Yaya, kowa da NIN ɗinsa, a mayar da mallakar layin sunanka. Bayan nan sai ka yi fotin in har gwajin da Malama ta ce ya nuna maka ya dace. Ni a ganina ko ka fasa fotin ɗin, wannan gyaran ya fi komai muhimmanci. Yau in wayar ta faɗi ko aka sace, kai ba za ka iya yin walkam-bak ba, wato karɓo sabon sim mai lambarka, sai an taso Yaya daga Legas. Rai kuma a hannun Allah yake, na ga iyalan da suka sha wahala kan layin mamaci.

Kafin Sallah ga abin da zai rage maka asara. Ka danna **62* sai lambarka ta biyu, ka rufe da #, ka kira. Duk lokacin da tsohon layin ba ya samuwa, kiran zai wuce kan na biyun kai tsaye, mai kira bai ma san an yi ba. Kuɗin wucewar daga katin tsohon layin ake cira, kamar kai ne ka yi kiran, to ka ga dubu taranka sun samu aikin yi. In kana son cirewa, ##62# ne. Kira kawai yake wucewa, saƙon tes da alat ba sa bi, waɗannan sai ka je ofishin Baba.

Ka kuma kira 300 ka kai ƙorafin rashin sabis a unguwarku, yanzu lambar ɗaya ce a duk kamfanoni, kamar yadda *310# ke nuna kati a kowanne. Su ba ka lambar ƙorafi ka ajiye. In ba su yi komai ba, 622 ta NCC ce, kyauta ake kira. Sabbin unguwanni irin naku gidaje ne ke riga ƙarfen sabis zuwa, in maƙwabta suka yi ta kira da yawa wani lokaci a kan duba.

Ɗan Maraɗi:

To ka ga dai maganata ce ta dawo, sim biyu. Sai dai na ƙaru da wannan ta **62*, ban taɓa sani ba.

Ɗan Dawanau:

Mai gyara, na danna, ta yi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na sa babban yarona ya kira tsohuwar lambar daga waje, sai ga ƙaramar wayar tana ƙara a aljihuna. Naira nawa aka cira ban duba ba tukuna.

Na kira Yaya na yi masa bayani. Dariya ya yi, ya ce ashe shekara goma sha bakwai layinsa nake wa gadi, in shirya kuɗin haya. Ya ce zai shigo kwana uku kafin Sallah, mu je ofishin tun da safe kafin layi ya yi tsawo. Uwargida ta ba da wayar, amma da sharaɗin Alhamis kaɗai, kuma in dawo mata da ita da cikakkiyar data.