Tsutsa na huda min tumatir ana dab da tsinka

Assalamu alaikum. Tumatirin ranina a Kadawa ya fara nuna, nan da kwana 10 zan fara tsinka, sai ga wata koriyar tsutsa tana huda 'ya'yan. Ka ɗauki tumatir lafiya lau a ido, kana matsawa sai ruwa ya tsiyaye, ciki duk baƙin kashinta.

Kullum da sassafe ina bi ina tsincewa. Na fesa ruwan ganyen darbejiya da sabulu har sau biyu, ko gezau, wadda ta riga ta shige ciki ba ya kai mata. Maganin kanti kuwa tsoronsa nake ji, kayan miya ne mutane za su ci.

Wane magani zan fesa yanzu wanda ba zai hana ni tsinka a kan lokaci ba?